Buhunan Yaya Hadiza

Magariya, daren Talata

Yau a bakin shago na yi gardama har muryata ta dushe. Ana ta maganar wai a ɗora lanho kan kuɗin lakwal, wato makaranta, mai zaman kanta, ni kuma 'ya'yana uku can suke. Na ce zalunci ne, mutum ya rage wa gwamnati nauyi kuma a bi shi da haraji.

Ina cikin kumfar baki sai ga Yaya Hadiza daga ƙauyen da take koyarwa a lakwal ta gwamnati, bayan Dantchiao. Ta ce in tara mata tsofaffin buhuna. Na ɗauka wake za ta zuba.

"Wane wake, Sani? Yaran ajina za su zauna a kai. Ƙasar rumfar da muke karatu sanyi gare ta da safe."

Na tashi na shiga tattaro buhunan.

Har yanzu ina shakkar kuɗin lanhon zai isa rumfarta. Amma in zai zama benci, a karɓa, na yafe. Na ɗaure mata buhunan, na haɗa da bencin shagona a motar kasuwa. Gobe masu gardama sai su yi ta a tsaye.