Takardar da Yaya Ta Ɗaga a Majalisa

Trikania, Kaduna

Zuwa ga Yayana Sam,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Edith da yara, Ubangiji ya ci gaba da tsare ku a can Fatakwal. Mu ma lafiya lau, ƙafar Mama ta yi sauƙi har tana zuwa coci da kanta. Hankalina ne dai ba a kwance yake ba.

Na san ka ga Yaya Scholastica a talabijin ranar Talata, tana magana a majalisar dattawa kan ma'aikatan da inji ya cinye wa yatsu a wata masana'anta a Kudenda. Ka san halinta. Tun tana sakatariyar ƙungiyar ma'aikatan masaƙa, in ta hau benci a bakin get sai ta ɗaga takarda sama kowa ya gani da idonsa. Zama sanata bai canja ta ba, har yau a keke napep take zuwa kasuwar Sabon Tasha, wai ba za ta yi wa talaka magana daga bayan baƙin gilashi ba. To, haka ta ɗaga takardar sunayen nan, mai kamara kuma ya matso har ana iya karantawa.

Yaya Sam, rubutun mijina Nicholas ne. Shi ya ba ta sunayen a asirce, kuma shekara goma sha ɗaya shi ke rubuta rajistar masu shiga aiki a wurin, babu babban da bai san hannunsa ba. Washegari manaja ya kira shi ofis. Bai yi masa faɗa ba, tambayarsa kawai ya yi ko har yanzu 'yan matanmu biyu ta bakin layin dogo suke bi zuwa makaranta. Tun ranar ni nake raka su, da na ji babur a bayanmu sai in ja su gefe in waiwaya.

Jiya Yaya Scholastica ta zo gidan. Na yi niyyar in wanke ta tas, sai na ga tana hawaye, abin da ban gani ba ko ranar da aka tsare ta lokacin yajin aiki. Ta ce za ta janye maganar in mun ce ta janye. Nicholas ya ce shi ya ɗauki uku daga cikin mutanen zuwa asibiti, kada ma ta kuskura. Suka juyo suna kallona. Na ce ta ci gaba, amma Allah ya sani bakina ne kawai ya faɗa.

Ina roƙonka kada ka kira ta da faɗa. Ka dai shirya wa yaran wuri, ranar Asabar zan kawo su. Na ce musu hutu za su je, sai murna suke yi.

Mama tana gaishe ku. Ka gaida min Anti Edith da Judith da Ben. Ku sa mu a addu'a, ranar Litinin Nicholas zai koma aiki.

Ƙanwarka,
Damaris