Na sha romo a gaban surukina

Anti Hajjo, don Allah ki agaje ni da shawara kafin Alhamis ta sama. Ranar ce jirgin surukina zai tashi, kuma ya ce da matata zai tafi.

Ni injiniya ne a wata masana'antar robobi a nan Riyadh, shekarata shida. Bara na kawo matata Muhibba, aka yi mata iƙama, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashina. Yanzu tana da cikin wata shida, na fari. Kin san haihuwar fari a gida ake yi, amma na yi ta roƙo ta waya har Baba, mahaifinta, ya ce zai zo ya ga zamanmu da idonsa, in ya gamsu ta haihu a nan. Na nema masa bizar ziyara, ya yi umara, ya sauka a gidanmu. Tsohon hedimasta ne daga Funtuwa, ba shi da yawan magana.

Kwana takwas komai lafiya. Muhibba ta tuƙa tuwo ta kai masa falo, ni in ci nawa a kicin. Har ya fara cewa unguwar tamu akwai natsuwa. Sai rawar kai ta ɗebe ni, na ce bari in burge shi.

Akwai wani sabon gidan abincin Japan da muke kai baƙin kamfani. Taliya ce suke yi a cikin romon kaza mai kauri, da ƙwan da bai gama dahuwa ba, ramen suke ce mata. Ni wallahi ina sonta. Bayan la'asar na kwashe su muka tafi. A sashen iyali teburan duk sun cika, sai aka zaunar da mu a doguwar kanta, kan kujeru masu tsawo, ƙafafun Baba suna lilo. Ni a dama, shi a tsakiya, 'yarsa a hagu. A gabanmu kwalabe ne a jere cikin shuɗiyar fitila, wani ɗan Filifin yana girgiza lemo a kofin ƙarfe. Ba giya ba ce, Anti, ko ɗigo babu, ruwan tuffa ne da na rumman da na'ana'a. Amma kofunan masu dogon wuya ne irin na fim. Da aka kawo, sabon da na yi da abokan aiki ya sa na ɗaga nawa na kara da nasa, ya yi ƙara.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Wani Bajafane da ya zo haɗa mana inji ya taɓa koya min cewa a wurinsu zuƙar taliya da ƙara yabo ne ga mai girki. To ni kuwa na sa tsinkena biyu da ake cin taliyar da su na dinga zuƙa, zuut, zuut, na ɗaga kwano na shanye romon tas, har ina yi wa Baba bayani da baki cike. Sai da na ajiye kwanon na ga nasa yana nan yadda aka kawo shi. Ruwa kawai ya kurɓa. Muhibba kuwa kanta a ƙasa, ko cokali ba ta taɓa ba. Nan na gane ɓarnar da na yi. Ni da ban taɓa ko tauna goro a gabansa ba a Funtuwa.

Haka muka koma gida. Washegari ya aiko Muhibba ta gaya min in yi mata bizar fita da dawowa, gida za ta haihu. Tun ranar in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice ya ci gaba da jan carbi. Ban sani ba ko yana zaton giya muke sha, ko gani yake na mayar da 'yarsa mai yawon cin abinci a titi, ko raini ya ɗauka. Hutuna sai bayan wata tara, ke nan ba zan ga haihuwar ba, ba zan ga suna ba. Kuma ina tsoron in ya je ya ba da labari, dawowar ma ta zama aiki.

Abokina Uwais ya ce ai ni ne kafil ɗinta, mai ɗaukar nauyin zamanta a ƙasar, in ban sa hannu ba ba inda za ta, in ce na'ura ce ta ƙi har jirgi ya tashi. Na ƙi, na kuma ɗan so. Ko abinci ba na iya ci. Yaya zan yi?

Mai fargaba, Riyadh.

Amsa

Ƙanena mai fargaba, na yi dariya a wurin zuut ɗin nan, ka yafe min, amma na ji damuwarka.

Shawarar Uwais ka watsar da ita yau. Abin da ka yi a gidan abinci wauta ce, ana mantawa da ita. Riƙe takardar mace don ka hana ubanta tafiya da ita kuwa ba a mantawa, kuma ranar da ƙaryar ta fito, duk zargin da yake yi maka ya tabbata.

Niyyarka mai kyau ce, karrama shi ka so yi. Amma ka duba ta wurinsa. Mutumin da a garinsu suruki ke tuɓe takalmi tun daga zaure, ka ɗora shi kan kujera mai tsawo tsakanin 'yarsa da mijinta, ka ce ya buɗe baki ya ci. Ko tuwon gidansa aka kawo masa ba zai iya ba. Ba na jin giya yake zargi, ya san ƙasar da yake. Abin da ya gani shi ne shekara shida ta goge maka kunya, sai ya tambayi kansa wa zai kula masa da 'ya yadda aka saba in ta haihu. Tambayar ba ta banza ba ce. Wa zai yi mata ruwan wanka? Wa zai dama kunun kanwa kana wurin aiki?

Ga abin yi. Ku ga likita ya faɗa ko za ta iya hawa jirgi. In ya yarda, ka yi bizar, ka buga ta a takarda. Ka nemi dattijo Bahaushe a cikin mutanenku na Riyadh ya raka ka, ka durƙusa, ka ajiye takardar a gaban Baba, ka ce ka yi kuskure. Kada ka ƙara masa darasin al'adun Japan. Bayan ya huce sai dattijon ya kawo roƙo: in zai yiwu, a turo mahaifiyarta ko gwaggonta da bizar ziyara ta zauna har arba'in. Zai iya yarda, zai iya ƙi. In ya ƙi, ka raka su filin jirgi da fuska a sake, ka fara neman hutun gaggawa.

Amma kafin duk wannan akwai wadda ba ka tambaya ba. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na ji abin da kake so, na ji na Baba, har na Uwais na ji. Ban ga inda ka ce ga abin da Muhibba take so ba. Ita ce za ta yi naƙudar. Wataƙila kai take so a kusa, wataƙila uwarta take so ta rasa bakin faɗa maka. Ka zauna da ita yau, ka tambaye ta, ka yi shiru har ta gama. Abin da ta ce shi za ka kai gaban mahaifinta, ko da ba shi kake son ji ba.

Allah ya raba lafiya, ya sanyaya zuciyar Baba.

Anti Hajjo