Gurbin da Kinka Bar Mani a Jadawali

Malanville, Litinin, bayan tashin kasuwa

Zuwa ga Ummul-Khairi, sanyin idona, inuwar tsamiyata a zafin bazara, farar balbela bisa koren fadamar shinkafa, ɗiyar Malam Khalidu wadda ta kai sunan garinmu bakin manyan malamai! Ina gaishe ki irin gaisuwar da gulbi ke yi wa gaɓa, kullum shina zuwa, bai taɓa gajiya ba.

Takardarki ta iso ranar Jumma'a. Direban motar Parakou ya miƙo mani ita ina tsakiyar zubin tukwane, sai da na wanke hannu sau biyu kafin in buɗe. Kwana ukku ke nan tana aljihuna, kusa da wurin da kike zaune tuni. Za ni ba ki amsa, amma bari in fara da alfahari, don ya cika mani ƙirji har ba ni da wurin aje shi.

Kin tuna ranar da Inna Kulu, mahaifiyarki, ta aiko ki maƙerata sayen tukunya? Kinka tsaya kina kallona ina danna yashi kewayen tsohuwar tukunya, na zare ta, na tsiyaya narkakken alminiyam cikin ramin da ta bari. Kinka yi dariya, kinka ce ashe sana'armu ɗaya: wanga mazubin, a Faransanci matiris ake ce mashi, kuma abin da kike karantawa ke nan a jami'a. Na ɗauka ba'a kike mani. Sai kinka tsuguna, da farin mayafinki, kinka zana a yashina lambobi jere cikin layuka, wasu a kwance, wasu a tsaye, kinka ce wannan shi ne matiris na masu lissafi. Kinka ɗauki hotona da salularki, kinka yi ta buɗa shi har fuskata ta koma ƙananan gidaje kamar na dara, kinka ce kowane gida lamba ce, haka na'ura ke ganin mutum. Kinka ce ko mahaifar mace da wanga sunan ake kiranta, don cikinta ne abu ke samun siffa, sai kunya ta kama ki, kinka sunkuyar da kai. Wace rana ce ta taɓa fitowa da kyawun wannan kunyar?

Har kinka gaya mani akwai masu zurfin tunani da ke tambaya ko duniyar nan duka irin hoton salula ce, lambobi ne anka jera bayan labule muna ɗauka gaske ne. Na nuna maki tabon ƙuna a damtsena, na ce su zo su taɓa ruwan ƙarfe su ji. Yau ina da hujjar da ta fi wannan. Lamba ba ta yin kewa, ni kuwa kewarki ta rame da ni.

Amma abin da ya sa nake tafiya cikin kasuwa kaina sama, aikin ƙauyen Madekali ne. Ke kin san rabinsa, ni na ga sauran. Manoman shinkafa arba'in da biyu, injin ban ruwa ukku, gonakin bakin gulbi suna nutsewa, na ƙarshen hanyar ruwa suna ƙonewa, har anka zare lauje tsakanin 'yan uwa, saura kaɗan a kira jandarma. Kinka zo hutu, kinka hau bayan babur kwana goma sha ɗaya, kina auna kowace gona. Tsoho Bukari, shugaban manoman, ya ce a gaban jama'a yarinyar da ba ta san taɓo ba ba za ta raba masu ruwa ba. Tauraruwata! Kinka tuɓe takalmi kinka shiga taɓon har gwiwa. Kinka ba kowace gona layinta, kowace rana nata, kinka sa na'ura ta juya lambobin har anka sami rabon da ba ya kashe gonar kowa, kinka manna shi jikin ɗakin inji kinka koma karatunki.

Bayan girbi ina bakin wuta sai ga Bukari da buhun shinkafa bisa babur. Ya sauke da kansa, bai yarda na kama mashi ba. Ya goge zufa, sannan ya ce: "Rilwanu, ka gaya wa yarinyar nan bana ƙanena ya ci tuwo a gidana. Shekara huɗu ba mu gaisa ba."

Wa ke da irinki? Gulbi na da kifi, fadama na da albasa, sama na da wata, ni Rilwanu mai zubin tukwane ina da Ummul-Khairi! Ranar da kinka tsaya a Parakou gaban malamai biyar kina kare aikinki, ina can kujerar baya cikin rigar da na ɗinka don ranar. Ban fahimci ko kashi ɗaya cikin goma ba. Amma na ga dattijo mai furfura ya cire madubin idonsa shina saurarenki, na ji an ambaci Madekali cikin wannan babban zauren, na tafa har tafin hannuna ya yi zafi, ni da wuta ba ta sa shi zafi.

To, ga takardarki. Kin ce sun ba ki gurbin karatu a Dakar, shekara biyu, ga shi kuwa an sa ranar aurenmu bayan girbi mai zuwa. Kin ce kin kasa zaɓe, sai kinka yi abin da kinka koya wa matan koperatif, ƙungiyar masu sayar da albasa, in suna shawarar wace haja za su riƙe, wace za su saki. Layi biyu a kwance: zama, da tafiya. A tsaye kinka jera lafiyar Inna, da manoma, da ilminki, kinka ba kowane maki daga sifiri zuwa goma. Na ƙarshe kinka rubuta sunana, kinka bar gurbinsa fari, kinka ce in cika da hannuna, abin da ya fito shi za ki yi.

Na iya tarawa, masoyiyata. Na ga tazarar kaɗan ce, na ga da alƙalami ɗaya zan iya tsare ki a Malanville. Ba zan ɓoye maki ba, ranar Asabar na kusa yin haka. Na kalli ɗakin da na gama shafewa. Na saurari baffannina suna cewa macen da ta ga Dakar ba ta dawowa wurin mai hura wuta. Shekara biyu! Damina biyu gulbi zai cika ya janye ba ki gani ba, ni ina bakin gaɓa kamar jirgin da anka ɗaure. Ina zan kai idona in an tashi kasuwa? Wa zai tsuguna ya ɓata mani yashi da lambobi?

Amma na tuna ba Madekali kaɗai ke faɗan ruwa ba. Akwai Tumbutu ta nan kusa da mu, akwai ƙauyukan da ban san sunansu ba. In na tsare ki, kowace safiya zan dubi fuskarki in san na sace wani abu. Jiya na je wurin Baba Khalidu, na durƙusa na roƙi a ɗaga ranar, kada a taɓa alkawarin. Ya yarda, sannan ya sa mani albarka.

A layin tafiya na rubuta goma. A layin zama na rubuta sifiri, za ki ga ya ɗan karkace, ki yi haƙuri da shi. Ki tara lissafinki, ki ɗaure kayanki. Inna Kulu tana wuyana, zan riƙa leƙa ta kowace Jumma'a. Roƙona guda: in kin tsaya gaban manyan can, ki faɗi sunan garinmu da ƙarfi, kuma ki rubuto mani ko da abin da ba zan gane ba ne.

Tare da wagga takardar direba zai ba ki ƙunshi. Ƙaramar tukunya ce, ta mutum ɗaya, na zuba ta yau da safe. Ta mutum biyu tana nan, na kife ta bisa rumfa, ba hannun da zai sauke ta sai naki.

Naki a cikar gulbi da janyewarsa, wanda bai da wata kafin ke, ba ya kuma neman wata bayanki,

Rilwanu