Na nuna masa kabarin da ban san na wane ne ba

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni.

Ni haifaffen Enugu ne, a unguwar Abakpa nake zaune, babanmu mahauci ne kafin ya rasu. Ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai ajiye wa mutane bayanansu a intanet, abin da ake ce wa kilawud. Aikina sa ido a kan faya-fayan ajiyar, wato diski. Kullum ina gaban allo, kore lafiya lau, ruwan ɗorawa diski ya fara nauyi wajen karatu da rubutu, ja kuma ya kusa mutuwa. Da ya canza launi sai kwamfuta ta yi ƙara, ƙit ƙit ƙit.

To kun san kaburburanmu ba suna a kai. A maƙabartarmu wani tsoho ne, Baba Ɗanjuma, ya san inda kowa yake, daga bishiyar mangwaro yake fara ƙirga layi, yana da wani tsohon littafi da ya yi dameji. Ni da rawar kaina na ce wa dattawan masallaci wannan aikin zamanin da ne. Na ɗauki hoton kowane shafi, na naɗi muryar Baba yana bayani layi-layi, na ɗora a wani ɗan wuri da ake ba ma'aikata a kilawud ɗin kamfaninmu, wanda ba a yi masa kwafi. Na sani sarai ba a yi, na ce sai na samu lokaci. Har cika baki na yi wai ko gobara ba ta isa ba. Daga baya ruwa ya cinye littafin, ba wanda ya damu, tunda ai yana wajen injiniya. Bara Baba ya rasu.

Wata Juma'a diskin da na ɗora abin a kai ya koma ruwan ɗorawa. Sau da yawa netwok ne kawai ke jawo haka, ga shi ina sauri kar na rasa sallah, sai na kashe ƙarar. Na manta ban mayar ba. Kwana tara yana kuka ba mai ji, ranar da na duba ya mutu murus. Bayanan kwastomomi duk an dawo da su, nawa ne kaɗai babu. Ban faɗa wa kowa ba.

Watan jiya wani bawan Allah, Malam Nasiru, ya taso daga Gusau neman kabarin mahaifinsa, dillalin shanu ne da ya rasu a nan tun Malam Nasiru yana ƙarami. Liman ya haɗa shi da ni. Wallahi kunya ce ta kama ni, na buɗe waya kamar ina dubawa, na ƙirga daga mangwaro, na nuna masa wani kabari haka kawai. Mutumin nan ya durƙusa ya yi kuka kamar yaro, ya ce shekara talatin yake jiran wannan rana. Ya riƙe hannuna yana sa min albarka.

Tun ranar nake jin ƙit ƙit ɗin nan. A kan okada, cikin hayaniyar kasuwar Ogbete, har a sujada. Na duba waya ba komai. Matata da na gaya wa ta ce addu'a tana isa ko'ina mamaci yake, na rufe bakina kar na tozarta kaina. Muka yi cacar baki, na ce ita ba ta ga fuskarsa ba, ta ce to na je na tona, na ga wanda zai sake yarda da ni a unguwa.

Jiya Malam Nasiru ya kira ni. Asabar zai dawo da ƙannensa uku, wai na zo na sake nuna musu don shi ya manta layin. Jama'a ni ma na manta wanda na nuna.

Na faɗa masa gaskiya na karya masa zuciya, ko na sake nuna wani? Kuma me zan ce wa liman? Babana ma yana cikin maƙabartar nan, tun ina ɗan shekara shida, kuma Baba Ɗanjuma ne yake nuna min shi.