Wayata a Hannun Souley

Lahadi, 20 ga Yuli, da hantsi

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kin tashi lafiya. Yaya ƙafar, ta sassauta? Yaya damina a Maradi, gero ya tashi? Ina gaida ƙanwata Sherifa, wadda za ta karanta miki wannan.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon muryata ta kowace safiya. Wayata ba ta hannuna, shi ya sa nake rubutu a ɗan littafina, in na koma gida in ɗauki hotonsa in turo. Ina idar da sallar asuba sai ga Souley da Nurudeen, abokan aikina na kai abinci da keke, a ƙofar ɗakina a unguwarmu ta Parkchester, wai in fito mu tafi yawon keke. Inna, mutanen da ke kan keke kwana shida a mako, ranar hutu ɗaya tal su ce keke! Souley ma da sai an yi da gaske yake tashi kafin azahar ran Lahadi. Kafin in sa takalmi ya ɗauke wayata daga kan tebur, wai tasa ba caji, da tawa zai riƙa duba hanya.

Wace hanya kuma? Tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce aka cire ƙarafanta aka zuba kwalta. Ta tashi daga dajin Van Cortlandt ta miƙe arewa, in wannan ta ƙare wata ta karɓa, ko makaho ba zai ɓata ba. Itatuwa sun rufe ta sama da gefe, ga inuwa, ga zafi mai ɗanko kamar ana dafa mutum. Da kin gani da kin ce ƙasar nan ma Allah ya yi mata daji.

Amma ni fa ban yarda da mutanen nan ba. Nurudeen marowaci ne na bugawa a jarida, yau shi ya saya mini ruwan sanyi da ayaba, har yana tambayata ko na sha maganin hawan jinina. Akwai abin da suke ƙullawa, kuma zan gano.

Ki ci gaba da sa mini albarka.

Ɗanki,
Rashidu

Lahadin dai, bayan azahar

Inna,

Ina sake gaishe ki, yaya ƙarfin jiki? Mun yi kusan kilomita hamsin. Muna zaune a bakin wata gadar ƙarfe da ke kan babban tafki, nan muka yi salla a kan ciyawa.

Sau uku wayata tana haske a gaban keken Souley, sau uku yana kifa hannu a kanta. Na ce ya ba ni, ya ce 'yan talla ne. Na riƙa tsokanarsa da tumbinsa yadda na saba, bai rama ba. Souley bai rama ba, Inna! Da muka idar da salla Nurudeen ya daɗe hannuwansa a sama, da ya shafa sai ya juya mini baya yana gyara sarƙar kekensa da ba abin da ya same ta.

A nan na farga, don na san wannan aikin. A ƙasar nan, in aka yi wa ɗayanmu rasuwa a gida, ba ma bari mutum ya gani a waya shi kaɗai a ɗaki. Raba shi muke yi da wayar, mu ɗauke masa hankali har babban da zai faɗa masa ya iso. Bara da mahaifin abokinmu Ishawu ya rasu, ni da kaina na karɓe wayarsa, na yini ina yawo da shi a kasuwar Harlem, ina saya masa abin da bai roƙa ba. Ni na koya wa Souley wannan dabara, yau ga shi yana yi mini ita, kuma bai ma iya ba.

Ban tambaye su ba. Ina jin tsoro, Inna, tsoro sosai. Ina ta lissafa mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, in na zo kanki sai in tsallake. Jiya ma kin yi dariya a saƙonki, kin ce in na zo watan Satumba kada in kawo miki turare, man zafi kike so. Shekara bakwai ban ga fuskarki ba, saura wata biyu kacal.

Yanzu Souley ya ce mu nemi tasha mu koma ta jirgin ƙasa. Na ƙi, na ce da keke muka zo, da keke za mu koma.

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki,
Rashidu

Litinin, 21 ga Yuli

Ƙanwata Sherifa,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba mu dangana. Ki gaida duk wanda ya zo zaman makoki, ki yi musu godiya a madadina.

Mun iso Parkchester dab da magariba, na tarar da Kawu Mahamadou ya taso daga Philadelphia, yana zaune a ɗakina da mutum shida. Tun daga takalman da ke ƙofa na gane. Ya faɗa mini a hankali yadda ya kamata, ya ce an kai ta makwancinta tun kafin mu hau keke. Na san ke kika kira Souley saboda hawan jinina, ban yi fushi ba, daidai kika yi.

Su Souley suna ta ba ni haƙuri wai sun wahalar da ni a rana. Ba su san ni na ja su ba. A dawowa duk inda na ga benci sai in ce na gaji, duk gangara sai in riƙe birki. Muddin ina kan hanyar nan ba wanda ya faɗa mini komai, ina da uwa.

Ga hoton takardu biyun da na rubuta mata, ba sai kin karanta wa kowa ba. Satumba ina nan tafe in Allah ya yarda. Man zafin na riga na saya, ki duba mini tsohuwar da za a ba.

Yayanki,
Rashidu