Lauyar da Ta Cire Takalmi

Daren Talata, Nguru

Yau ƙaramar hukuma ta tara mu 'yan kasuwar kifi mu saurari lauyoyi biyu kafin ta ɗauki ɗaya, saboda wani mutum da ya kai ƙara wai filin rumfunanmu gadonsa ne. In ya ci, rumfar Baba ta tafi.

Na farkon daga Kano ya zo, ya tsaya ƙiƙam a kan dattawa yana zuba Turanci. Raina ya ɓaci. Ta biyun 'yar Gashua ce. Ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaida su Baba da Barbarci, sannan ta zauna a tabarma.

Ni kam gaisuwa ba ta ruɗa ni. Na ce, "Malama, kin taɓa cin irin wannan shari'ar?" Baba ya harare ni.

Ta ce, "Na ci, an kuma kayar da ni, ƙanena. Duk lauyan da ya rantse maka da nasara, ka guje shi."

Gaskiyar nan tata ta ratsa ni. Ita aka ɗauka.

Tun bara na ƙi gyara rufin rumfar don tsoron rusau. Gobe zan sayo zana.