Bayan Baba a Bango

Inna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi. A gaida Yaya da yaranta.

Abin da na gani ranar Talata da safe ne ya sa na ɗauki biro. Kin san tsohon gidan niƙan da Baba ya yi wa aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Yanzu masu zane da masu sassaƙa ne a ciki, nan suke kwana, tukunya ɗaya suke ci, ni kuma suka ɗauke ni fentin bango. To da kafinta ya yaye tsohon kwanon rufi rana ta shigo, sai ga wani baƙin tabo a bango kusa da ƙofa. Inna, bayan Baba ne, wurin da yake jingina in injin niƙa ya tsaya. Ga faɗin kafaɗa, ga inda ƙeya take taɓawa, har ya ɗan karkata hagu yadda yake zama saboda ƙugunsa. Na daɗe a tsaye, burushi yana ɗiga a takalmina.

Na fente ko'ina, na zagaye wurin na bar shi. Ban faɗa wa kowa ba. Mutanen gidan na kirki ne, amma in suna hira ba na samun ƙofar shiga. Sai su yi rabin yini suna gardama a kan wane fari ya fi wane fari. Ni a bakin ƙofa nake cin abincina. Mai Shiru suke ce min.

Ki roƙi Yaya ta kawo ki ki gani, ko sau ɗaya ne.

Ɗanki,
Auta

Inna,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa da kowa. Saƙonki ya iso cewa za ku taho ƙarshen wata. Kada ki wahalar da ƙafarki.

Gidan nan suna da ƙa'ida: in mutum ya bar aiki rabi, duk wanda ya gani ya ƙarasa masa, ba sai an roƙe shi ba. Jiya aka aike ni gari sayo ƙusa. Ina dawowa wata mai zane ta tare ni da fara'a, fenti har gwiwar hannunta. Ta ce ta lura gajiya ta sa na bar wani datti kusa da ƙofa, ta rufe min, har sai da ta maimaita shafi don yana ta ɓullowa. Ta tsaya tana kallona, tana jira in ji daɗi.

Na ce mata na gode. To me zan ce? Ita ce ta fara yi min wani alheri a gidan nan. Da rana ma ta matsa min wuri a teburinsu, na zauna.

Yau da safe na je na shafa bangon. Sumul. Jibi za su rataya zane a wurin.

Kada ki ce idona ne ya yi min gizo, ba ni kaɗai na gani ba. Kafinta ya gani, har ya tambaye ni wa yake zama a nan, na ce ban sani ba. Tsohon da ke kawo mana itace ma ya gani. Shi ya san Baba. Ya sauke kayansa, ya tsaya kallo, ya ce, "Ashe yana nan." In Yaya ta gamu da shi a kasuwa, ta tambaye shi.

Ki saka ni a addu'a.

Ɗanki,
Auta